Yadda Ake Sulhunta Kwamfuta Biyu Ba Tare da An Tambayi Kowa Ba

Kwamfutar Muttaƙa ta ƙi ganin ta ƙanwarsa Sakina. Gida ɗaya a Malbaza, tabarma ɗaya, amma ko sallama babu. Cikin tsohuwar kwamfutar tasa akwai bidiyon marigayi babansu yana taka iyakar gonarsu ta Dogarawa da sanda a hannu, daga gindin aduwa har bakin fadama. Ran Alhamis mai gari zai saurare su da maƙwabcinsu Chindo, wanda ya ce iyakar ba can take ba. Tsohuwar kuwa ba ta zuwa ƙauye: batirinta ya mutu, da an zare ta daga kuran, wato wutar lantarki, sai ta sume. Dole bidiyon ya koma cikin ta Sakina.

In irin wannan ta same ka, bi sawun Muttaƙa. Na yi maka alkawari, kwamfutocinka za su ga juna. Hanyar ba ta kuskure.

1. Kada ka ce ba ka sani ba

Nan ne tushe. Magidancin da ya yi shekara shida yana cin rani a Abijan, ya sayo kwamfuta da guminsa, ba ya tambayar kowa hanya. Gyara zama, tura hula ƙeya, ka ce, "Ƙaramin abu na." Muttaƙa ya faɗi haka tun bai buɗe murfin ba.

2. Kashe, kunna

Kashe akwatin wifi, ƙirga goma, kunna. In bai yi ba, ƙirga ashirin. Hura wa kwamfutar iska a ramuka, ka ɗan bubbuga gefenta kamar jakin da ya turje da amalanke. Ko ba ta gyaru ba, mutanen gida sun ga kana aiki. Litinin ta ƙare a nan.

3. Nemo mai laifi a waje

Kuran ne. Hadari ne. Muttaƙa ya fi haka zurfi: ya gano tasa Faransanci take ji, ta Sakina kuwa daga Sakkwato aka sayo ta, Ingilishi zalla. "To ƙaƙa za su gaisa?" in ji shi. Magana ce mai nauyi. Mutum biyu da suka shigo shan shayi sun gyaɗa kai, kuma abin da mutum biyu suka gyaɗa wa kai ya zama ilimi.

4. Toshe kunne

Za a sami mai kawo maka hanya mai sauƙi. Yi hattara da shi. Sakina malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ta leƙo ta kafaɗarsa ran Talata.

"Yaya, taka tana jan rezon intanet daga wayarka mai layin Najeriya, tawa tana kan akwatin gida. Ba rijiya ɗaya suke sha ba. Matsa in haɗa su."

"Ke ajin yara aka ba ki, ba ni ba."

"To ga kile, ɗan filashin nan, a kwashe a zuba. Minti biyu."

"Kile na 'yan koyo na. Ni ta iska zan tura shi."

"Iskar taka kwana biyu ke nan tana tafe, Yaya."

Ta jefa kilenta a jaka ta tafi aiki. Lura da kyau: da ya karɓa, da an gama, kuma da an san wa ya gama.

5. Danna duk abin da ya fito

Buɗe rabawa, rufe ta. Cire lambar sirri, sa sabuwa, ka manta ta. In allo ya yi maka tambaya, ce masa i. Jan rubutu ba don kai aka yi shi ba, don matsorata ne.

6. Mai da ta sabuwa

Laraba da hantsi Muttaƙa ya tarar da wurin da zai mai da kwamfutarsa yadda ta fito daga kanti. Sau biyu ta tambaye shi ko ya tabbata. Abin ya ɓata masa rai, ya danna da ƙarfi. Awa uku tana nishi. Da ta farka ta manta wayarsa, sai ya haɗa ta da akwatin gida, don shi ya fara fitowa a jeri. Sai ga sunan kwamfutar Sakina a allo.

Ya aika aka kira ta tun ba a tashi lakwal ba.

"Zo ki gani. Wa ya ce ba a iyawa?"

Ta zauna, ta buɗe dosiyen ajiyar bidiyo, ta rufe, ta buɗe wani. Fari fat.

"Ina Baba?"

"Yana ciki."

"Yaya, ba kowa ciki."

Ba ruwana

Na ce za su ga juna, kuma sun gani. Ban ce za su sami abin miƙa wa juna ba. Wanda ya bi matakan nan da ƙafarsa ya bi, kada a yi mini sallama a ƙofar gida.

Mai gyara a Konni ya juya kwamfutar har la'asar, ya ce sai haƙuri. Ran Alhamis mai gari ya ce a kawo shaida. Muttaƙa ya kawo bakinsa, Chindo ya kawo tsofaffi biyu. Aka kafa iyaka taki talatin cikin gonar, ta gefen da ya fi laima, mai ba da dame ashirin na hatsi. A taksin komawa Sakina ba ta yi maganar gona ba. Cewa kawai ta yi, yanzu ba su da muryar babansu a ko'ina.