Rasuwar Dogon Gani, Madubin Hangen Nesa na Malam Jatau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga Mai kowa mai komai, Malam Jatau na Dosara yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Maradun, Bakura da Talata Mafara rasuwar babban madubinsa na hangen nesa, wanda aka fi sani da Dogon Gani. Ya cika ranar Laraba da hantsi a bakin ruwan Bakolori, yana rataye a wuyan mai shi.

Al'ada ce a ambaci uban mamaci, to a nan ana neman afuwa. Tun ranar da Malam ya yi musanyarsa da tunkiya a kasuwar Talata, lokacin ana awon gonaki, yake cigiyar wanda ya ƙera shi. A kafaɗar marigayin akwai zanen tsuntsu da wasu lambobi da gumi ya cinye rabinsu. Mamuda, tsohon sojan yaƙin Bama da ke Bakura, ya shinshina jakar fatarsa ya rantse ɗan Ingila ne. Wani Baturen Italiya mai aikin dam ya jujjuya shi ya ce Bajamushe ne. Malamin firamare kuwa ya ce wannan tsuntsu sai Rasha. Malam ya kwafi tsuntsun a takarda tara, ya jefa gidan waya, kowace da adireshi ɗaya: zuwa ga maƙerin wannan, Turai. Har yau shiru.

Ba neman suna ya sa shi wannan wahala ba. A ganinsa, wanda ya iya jawo nesa ta zo kusa, ba zai kasa ƙera mai ganin ƙarƙashin ruwa ba. Gidan da aka haifi Malam da kabarin mahaifinsa suna can ƙasa tun da aka tare kogi. Abin da ya rage a sarari sai kan busasshiyar giginyar ƙofar gidansu, kuma kullum safiya marigayin ne ke kai shi ya gaishe ta.

Dogon Gani mai gaskiya ne. Ya duba gabas da yamma bai hango gonar da aka yi wa Malam alkawari ba, kuma bai taɓa cewa ya gani ba. Idan aka juya shi baibai, yakan mayar da manyan ma'aikata ƙanana kamar fara, abin da ya sanyaya zukata da yawa. Ba shi da surutu. In an murza cibiyarsa sai ya ce ƙiƙ, ƙiƙ, shi ke nan.

Ciwo ya fara masa a damanar bara, da hazo a idon hagu, ya gangara dama. An sa masa kwalli, an shanya shi a rana. An kai shi wurin mai sakiyar ido, wanda ya bar majinyaci ya tsura wa Malam ido, aka tashi ba daɗi. Ranar Laraba aka nufa da shi giginya, bai ga komai ba. Barira, uwargidan Malam, ta ce ita garau take gani da shi, yanar ido ce ta rufe idon mai shi. Bawa masunci kuma ya ce giginyar ce ta faɗi tun da kaka. Malam ya yafe musu su biyun. Baƙin ciki kan sa mutum faɗin abin da bai sani ba.

Ya rasu ya bar ƙanne uku a adaka: Mai Ido Ɗaya, da Tagwaye, mai nuna kowace saniya biyu, wanda makiyaya ke son aro, da Auta, wanda ganinsa ba ya wuce zaure. Babu mai kai giginya a cikinsu.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, an kuma bi. Ranar Asabar bayan azahar za a naɗe shi da farin ƙyalle, Bawa ya tuƙa kwalekwale zuwa saitin giginya, a saukar da shi a hankali, idanunsa na kallon ƙasa. Zaman makoki a ƙofar gidan Malam, kowa ya zo da tabarmarsa.

In amsar maƙerin ta iso daga baya, a gaya masa ya huta. Ɗansa ya sauka ya gano da kansa.