Rasuwar Barend, Injin da Gam ɗin Banɗaki Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, Oom (wato Kawu) Tobias Windvogel na garin Oudtshoorn, tsohon malamin makaranta, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amininsa Barend, injin motar tserensa mai fistin shida. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi a gefen titi, kilomita goma sha tara daga gida, yana da shekara hamsin da ɗaya a duniya. Kada kowa ya ɗora wa tsufa laifi. Surukin gidan ne ya kashe shi.

Marigayin mai wadatar zuci ne. Tunda aka ƙera shi bai taɓa shan ruwa ba, ba shi da lagireto, iskar da fankarsa ke hura masa ta ishe shi. Shekarun da fari ya yi ta kayar da jiminai a gonaki, shi ko cokali ɗaya bai nema ba. Da safe yakan yi tari sau biyu, kaf, kaf, sannan ya ɗauki gurnani, fanka na fito a bayansa, fiii, har karnukan layi su amsa. In an kashe shi sai ya dinga tik, tik, tik yana hucewa, Oom Tobias na tsaye a kansa har ya gama. Aibinsa ɗaya ne, yakan ɗiga baƙin mai ɗigo biyu kafin gari ya waye. Mai shi ya ce duk tsohon da bai taɓa yin haka ba ya fito ya yi magana.

Kowace shekara marigayin ke haura dutsen Swartberg da Oom Tobias zuwa garin Prince Albert, inda aka binne Magdalena, matar Oom Tobias. Bana likitan ido ya gaya wa tsohon gaskiya: lasisinsa na tuƙi zai ƙare a ƙarshen Maris, kuma babu mai sabunta masa. Tafiya ɗaya ta rage masa da hannunsa a kan sitiyari. Shi ya sa aka sauke Barend don a gyara shi tsaf.

Ga waɗanda ba su san cikin marigayin ba, kwanon da karanshaf, sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, ke kwance a ciki ɓari biyu ne, kamar ƙwaryar da aka fafe, babu gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo, a tsakani. Sau uku Oom Tobias ya haɗa shi da hannunsa. Yakan shafa gam na inji, shafa siririya wadda ake hango ƙarfe ta cikinta, sannan ya shimfiɗa zaren siliki guda a bakin, daga gwangwanin ɗinkin Magdalena. Bana hannun yana rawa, idon kuma ga yadda ya zama. Sai Clayton Saaiman, mijin 'yarsa Leticia, mai aikin famfo, ya nannaɗe hannun riga. Tsoho ya miƙa masa gam ɗin da ragowar zaren.

"Haba Baba, zaren ɗinki a inji? Riga za mu yi mai? Banɗaki ɗari uku na liƙe a garin nan, je ka tambaya in ɗaya ya ɗiga."

"Barend ba masai ba ne, Clayton. Yi yadda na ce."

"Shi ke nan Baba, an gama."

Ya jira tsoho ya tafi asibiti, ya ɗauko farin silikon, ragowar wani aikin banɗaki, ya lafta shi ba ƙaƙƙautawa, ya ɗaure notuna. Wanda ya fito waje ya goge tas don kada a gani. Wanda ya malala ciki kuwa ya bar shi can tare da Allah. An ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. A nan Clayton ne ya ƙi ji, Oom Tobias ne ya gani, da ɗan idon da ya rage masa.

Jinyar gajera ce. Ran Lahadi marigayin ya yi tarinsa biyu ya tashi lafiya, furanni na kan kujerar da Magdalena ke zama. Da mai ya yi zafi, silikon ɗin ya gutsuttsure ya bi hanyoyin mai ya toshe su. Kusa da ƙauyen Schoemanshoek jar fitilar mai ta kama. Barend ya yi wata ƙara da bai taɓa yi ba, ƙiii, ya buga sau ɗaya, gaf, karanshaf ya cije. Ko tik, tik ɗin bankwana mai shi bai ji ba, domin kuka yake yi, kuma ba ya jin kunyar a rubuta haka.

Bakanike Fanie Oktober ne ya buɗe gawar. Ya zaro fararen tsutsotsin silikon sha huɗu daga hanyoyin mai, babbar ta kai tsawon yatsa. Ya ce kayan gyara sai an yi wata uku kafin su iso daga ƙetare, lasisi kuwa saura kwana tara. Da aka nuna wa Clayton tsutsotsin, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Amma dai Baba ka yarda bai ɗiga ba ko?" Iyalan mamacin sun yarda. Gawa ba ta ɗiga.

Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya, wato gangar motar, tana takaba a gareji da ƙaton rami a bayanta, da kafireto biyu, da fulogi shida marayu, da fankar da ba ta da wanda za ta yi wa fifita. Ya kuma bar tsoho ɗaya wanda ba zai sake tuƙa kansa zuwa kabarin matarsa ba. Leticia ta roƙa a bar Clayton ya kai shi a akori-kurarsa. Oom Tobias ya gode mata, ya ce Magdalena ta sha wahala a duniya, ba zai kai mata wannan mutumin har kabari ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a garejin gidan. Za a gasa nama, tsutsotsin kuma suna cikin kwalba a kan tebur, da sunan mai su a jiki, ga duk mai son gani. Ba a buƙatar furanni, na ran Lahadi suna nan sun bushe. Mutum ɗaya ne kawai ake so ya zo da wani abu: Clayton ya dawo da zaren Magdalena, shi ne na ƙarshe a gwangwanin. Ya ce ya jefa a shara. Jujin bayan gari yana buɗewa ƙarfe bakwai na safe. Leticia tana iya zuwa ita kaɗai, ƙofar gidan ubanta ce. Shi kuwa, ranar da ya tono zaren, ranar za a buɗe masa.

Allah ya jiƙan Barend, ya ba mai shi haƙuri, in da sauran inda haƙurin zai zauna.