Wayar Da Ta Gane Dangin Amarya

Tasi'u Sabon-Kwali, duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin tashar garinmu ya san shi. Mutum ne da waya ba ta tsufa a hannunsa. Da an ce sabuwa ta fito, shi ke nan, barci ya ƙaurace masa. Babur ɗinsa ya tafi a kan wata mai idon kyamara uku. Tunkiyar gadonsa ta bi wata mai ido huɗu. Matarsa da ta ga ya fara yi wa keken ɗinkinta wani irin kallo, ta ɗora abinta a ka, sai gidansu. Ƙarshe wayoyin ma ciki ya cinye su, aka bar Tasi'u da 'yar rakani-kashi ɗaure da roba.

To amma baki bai san talauci ba. Sai ya ƙulla da Mamuda mai cajin waya. Kun dai san aikin: ka kai wayarka, a manna mata salatif a baya a rubuta lamba, a ba ka ɗan kati mai irin lambar. Tasi'u sai ya zo ya ari mai tsoka, ya danne salatif ɗin da yatsa, ya ratsa majalisa da ita a kunne.

"A sauke kayan a Legas! Na ce a sauke!"

Ana nan ya ga wata bazawara, Ladiyo, ya mutu a kanta. Ta ce ita ba ta da ta cewa, sai abin da yayanta Malam Garzali ya yanke. Dillalin hatsi ne a Funtuwa, kuma zai zo ya ga mutumin da idonsa.

Ranar da baƙon ya sauka, Tasi'u ya sha wanka, ya faɗa rumfar Mamuda.

"Yau ranar aure ce, mutumina. Ba ni uwar wayoyin."

"Ga wata nan yanzu aka kawo, ko rabi ba ta yi ba. Don Allah kar ka daɗe."

A zauren su Ladiyo aka gaisa. Malam Garzali irin mutanen nan ne da ba a gane fushinsu da murnarsu. Tasi'u ya zaro waya ya ajiye a tabarma, ƙwas!

"Wace sana'a ake taɓawa, Malam Tasi'u?"

"Harkar waje, Yaya. Ka ga wannan? Shekaranjiya ta iso daga Dubai. Kaf jihar nan mu biyu ke da ita."

"Ikon Allah. Ni ma ina da irinta."

"A'a, Yaya, mai kama da ita dai. Jabu sun cika kasuwa, Allah ya sa ba a cuce ka ba. Wannan ba ta buɗewa sai ta ga fuskata."

"To buɗe mu gani."

Tasi'u ya ɗaga waya ya ƙura mata ido. Shiru. Ya gyara hula. Shiru. Ya cire hular. Ya yi murmushi, ya ɗaure fuska, ya zaro ido kamar an shaƙe ɗan akuya. Waya ta ce ba ta san zancen ba.

"Ai jiya na yi aski, ba ta saba ba tukuna."

"Kawo in ga jikinta."

Malam Garzali na karɓa, ƙit! Waya ta buɗe. Ga hotonsa nan raɗau, zaune a kan buhun masara.

Tasi'u dai bai saduda ba.

"Ka ga aikin Dubai ke nan, Yaya. Har dangin amarya ta gane."

Malam Garzali ya juya bayan wayar, ga salatif, lamba sha bakwai. Ya laluba aljihu ya zaro ɗan kati, sha bakwai. Ya jera su a tabarma. Ladiyo da ta taho da tiren abinci ta leƙo, ta kalli tabarma, ta juya da tirenta.

Sai ga kuka daga cikin wandon Tasi'u: tiririt! tiririt! Rakani-kashi ce, Mamuda na neman wayar mutane. Tasi'u ya danne aljihu da hannu biyu, yana tarin ƙarya.

Malam Garzali ya share fuskar wayarsa da bakin riga, ya ce, "Ɗauka mana, Malam Tasi'u. Ko ita ma ba ta saba da askin ba?"