Dutsen da Na Kai wa Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na rubuta wa surukaina tarihi ba. Ko da na so in manta, mutanen Tungar Gawo ba za su bari ba.

Ni malamin Tarihi ne a wata sakandare a Talata Mafara. Matata Hadiza 'yar Tungar Gawo ce, wani ɗan ƙauye a bayan Birnin Tudu, ƙasar Bakura, kuma mai garin yayan mahaifinta ne. Shekaru ke nan suna neman a ba su nasu hakimi, domin sun gaji da tafiya wani gari a kan kowace rigimar iyakar gona. Daga ƙarshe aka ce su rubuto tarihin kafuwar garin a haɗa da takardar nema, kuma wakilin uban ƙasa zai zo da kansa ya saurara. Sai surukina Alhaji Mudi ya tuna yana da suruki mai digiri.

"Malam," in ji shi, idonsa na kan tabarma, nawa ma na kan tabarma, "tunda kai ka karanci abin ga, a taimaka muna."

Na ce ai wannan ba komai ba ne. (A raina kuwa har na hango sunana a bangon littafi.)

Da na koma gida Hadiza ta ce, "Ka fara da Inna Ige. Ita ta san kowa da uban kowa." Inna Ige kakarta ce, tsohuwar da kullum nake tararwa tana ɓarar gyaɗa a bakin zaure. Na yi wa Hadiza bayani cikin haƙuri cewa bincike yana da ƙa'ida, ba hirar tsakar gida ba ce. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Asabar na hau babur na tafi. Abin da ban lissafa ba shi ne an yi ruwa mai kyau ranar Juma'a, don haka duk mai iya riƙe sungumi yana gona wajen shuka. Garin shiru, sai kaji. Amma a gindin babban gawon da ke ƙofar masallaci na tarar da wani dattijo a kan buzu, farin gemu har ƙirji, ya miƙe ƙafa ɗaya da aka naɗe da tsumma. Ban taɓa ganinsa ba. Wannan ya kamata ya sa in yi tunani, tunda shekara shida ina zuwa garin. Sai ma na ji daɗi: ga tsohon da ba a taɓa tatsa ba.

Muka gaisa, muka tambayi gida da gajiya da ruwan jiya da ƙafa. Sannan na ce, "Baba, tarihin garinku nake so."

Ya dube ni. "Garinmu?"

"I, garinku."

"To zamna."

Na zauna, na kunna waya. Wallahi ban taɓa jin mai ba da labari irinsa ba. Ya ce wani maharbi ne, Bawa Mai Baka, ya kafa garin. Ya biyo sawun kura har bisa wani babban dutse, ya kashe ta a bakin kogo, ya sauko ya haƙa rijiya a gindin dutsen. Ya faɗa mini yadda mutane ke hayewa dutsen da tumakinsu in mahara sun taso, mata na gangaro da duwatsu. Ya lissafa masu gari tun daga Bawa, da wanda ya yi rowa, da wanda kunnensa ɗaya. Awa biyu yana magana, sau ɗaya kawai ya tsaya, ya ɓare goro.

Don kada a ce ba ni da hankali kwata-kwata, na yi tambaya ɗaya mai kyau. Tungar Gawo a shimfiɗe take kamar faifai, in ka tsaya a bakin masallaci kana hango mai keke tun daga nesa. Na ce, "Baba, to ina dutsen yake?"

Ya ɗaga sandarsa ya nuna gabas. "Ga shi can."

Na bi sandar da ido. A bayan gidan mai gari akwai wani ɗan tudu, tsayinsa bai wuce kafaɗata ba. Na gyaɗa kai kamar masani, na rubuta a littafina: zaizayar ƙasa.

Mako biyu ina rubutu. Na ba zaizayar ƙasa shafi guda ita kaɗai, na bayyana yadda ruwa da iska ke cinye dutse a hankali (ban faɗi shekara nawa hakan ke ɗauka ba, don ni ma na ga lissafin ba ya zama). Aka buga mini a na'ura, aka yi bango mai sheƙi. Hadiza ta nemi ta karanta, na ce ta jira ta ji tare da jama'a. Ta tambaye ni wa na yi hira da shi, na ce wani dattijo. Ta ce wane dattijo. Na ce masu bincike ba sa bayyana majiyarsu. Gaskiyar magana ban tambayi sunansa ba.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawon bayan la'asar. Mai gari na zaune, surukina na gefensa, wakilin uban ƙasa a kan kujera da magatakardansa. Mata sun tsaya ta bayan danga. Na hango dattijona can a gefe da sandarsa, na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini. Na sa babbar rigar aurena, wadda aka yi wa guga na musamman.

Aka yi addu'a, aka ce ga Malam. Na miƙe na fara.

Da na ambaci Bawa Mai Baka, wurin ya yi tsit. Na ɗauka girmamawa ce. Da na zo kan kura, na ajiye takarda na nuna yadda aka ja baka, har da rufe ido ɗaya. Mai gari ya juya ya dubi surukina. Surukina ya dubi yatsun ƙafarsa, kamar ranar ya fara ganinsu. Na ɗauka abin ya taɓa musu zuciya, sai na ƙara murya. Na hau dutse da tumaki, na gangaro da duwatsu, na lissafa masu gari goma sha ɗaya waɗanda babu mai ɗigon jininsu a kan tabarmin nan. Na ƙare da cewa mai garin yanzu jikan maharba ne, jarumta a jininsa take. (Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, liman ake kai wa.)

Ba wanda ya tafa. Wakili ya gyara zama.

"Malam, an gode. Shekarata talatin ina ratsa garin ga. Ina son a gwada min dutsin."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ga abin da ya rage," na nuna tudun da ke bayan gidan mai gari. Kowa ya juya. A daidai lokacin akwai akuya a kansa tana tuƙa.

Mai gari ya yi gyaran murya. A hankali ya ce, "Wancan jujin gidana na. Taki na. Bara munka fara tara shi."

Na buɗe shafin zaizayar ƙasa. Allah ya taimake ni ban karanta ba, domin dattijona ya dogara sanda ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, kada a ga laihin yaron ga. Ya yi ƙoƙari, bai rage komi ba, har mai kunne guda ya sa. Sai dai garinmu na. Can gaban Tsibiri, ƙasar Maradun. Dutsi na nan inda Bawa ya bar shi."

Wakili ya ce, "To kai mi kake yi nan?"

"Ɗori na zo, ƙafata ta karye. Shi ya ce in ba shi tarihin garinmu. Har sai da na tambaya, garinmu? Ya ce i."

Dariyar ta fara ne daga bayan danga, na kuma gane muryar da ta fara ta, domin ita nake ji kullum a gidana. Daga nan ta kama maza. Magatakarda ya kifa kai a kan littafinsa, kafaɗunsa na rawa. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba, mai gari da surukina, kuma na fi son a ce sun yi. Domin ba rigata kaɗai ta ji kunya ba. Mutanen nan sun shekara suna jiran wannan rana, na zo na karanta wa wakili hujjar cewa ba su san garinsu ba.

Wakili ya fara laluben takalminsa. "To, in kun shirya a sake aiko muna."

Sai aka ji wata murya daga bayan danga: "Ranka shi daɗe, in an yarda mace ta yi magana."

Inna Ige ce. Aka ba ta hanya, ta zauna a bakin tabarma, da ragowar ɓawon gyaɗa a zanenta.

"Mu ba mu da kura," ta ce. "Kakanmu Mamman falke na, gishiri yake kaiwa kasuwanni. Jakinsa ya kwanta gindin gawon ga ya ƙi tashi. Ya buga, ya roƙa, ya ƙi. Ruwa ya sauka yana nan. Ya ce tunda zama ya kama, bari in shuka gero. Geron ya yi kyau. Sai ya aika a kawo mai matarsa."

Wakili ya ajiye takalmin. "Jakin fa?"

"Ya tashi bayan kwana ukku. Mamman na bai tashi ba."

Daga nan ta jero masu gari shida da sunayen iyayensu mata, ta faɗi wanda ya haƙa kowace rijiya, da shekarar da fari ta sa rabin gari ya yi ƙaura, da gidajen da suka dawo, da lokacin da Fulani suka zauna a yamma da gari aka shata musu burtali. Duk gidan da ta ambata, wani a kan tabarma zai ce, "Haka na, kakana ne." Magatakarda ya yi ta rubutu har biro ya ƙare. Na miƙa masa nawa. Iyakar gudummawar da na bayar ga tarihin Tungar Gawo ke nan.

A kan babur muka koma Mafara, Hadiza na bayana. Lokaci zuwa lokaci ina jin babur ɗin yana girgiza ta baya, ba kuma ramin hanya ba ne.

Wata uku ban taka garin ba. Da na koma, surukina ya karɓe ni kamar ba abin da ya faru, wanda ya fi zagi zafi. An ba su hakimin bayan shekara guda, da tarihin Inna Ige. Littafina kuwa bai lalace ba. Dattijon ya tafi da kwafi biyar da ƙafarsa ta warke, an ce mutanen garinsu sun soke sunan Tungar Gawo da biro sun rubuta nasu, suna kuma yaba aikin ƙwarai. Har gayyata sun aiko mini. Ban je ba tukuna.

Yanzu duk shekara in zan tura 'yan ajin ƙarshe su tattaro tarihin ƙauyukansu, ina rubuta musu tambayoyi biyu a allo, in ce kada wanda ya kunna waya sai ya yi su: Baba, ya sunanka? Baba, nan garin kake?

Bana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai akwai wanda zai manta da wannan?"

Na ce, "Akwai. Ku rubuta."