Wankan Jegon Kunkuru

Malam Tukur direba ne a ma'aikatar gandun daji, kuma duk unguwarsu an san ba abin da yake riritawa a duniya kamar kunkurunsa. A bakin titi ya tsince shi shekara tara da suka wuce, bai fi tafin hannu ba, ya sa masa suna Bawa. Yanzu Bawa ya kai faɗin faifai, yana yawo a tsakar gida kamar gadon ubansa.

Wankan Bawa kuwa aiki ne mai zaman kansa, duk Talata da Asabar. Wani likitan dabbobi ne ya taɓa zayyana wa Malam ƙa'idoji, shi kuma ya riƙe su gam. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe, warin magani ya fice. Sabulu ko kusa. In an sirka ruwan, Malam zai naɗe hannun riga ya tsoma gwiwar hannu, ya lumshe ido yana sauraro, sai ya ji ba zafi ba sanyi. Kuma kada ruwa ya wuce haɓar Bawa, don kunkurun tudu bai iya iyo ba. Matarsa Dije, uwar 'ya'yansa shida, tun tana magana har ta koma kallo kawai.

Ran nan da safe aka wayi gari Bawa ya tona rami a gindin lemo ya zuba ƙwai biyar. Ashe duk shekarun nan Bawa mace ce. Malam ya tafi aiki baki har kunne, duk wanda ya gamu da shi sai ya yi masa albishir. Haka labari ya yi ta tafiya har ya isa kunnen Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar ungozoma wadda rabin matan unguwar ta hannunta suka yi jego. A wurin Gwaggo, duk abin da ya fitar da wani abu daga cikinsa ya zama ɗanyen jiki, kuma ɗanyen jiki ba shi da magani sai ruwan zafi.

Da azahar Malam ya dawo cin abinci, tun daga zaure ya hango hayaƙi. Yana shiga ya tarar da babbar tukunyar gidan a kan murhu tana tafarfasa, ga damin ganyen darbejiya a gefe, ga kunun kanwa a kwano. Gwaggo ta yi ɗamara tana juye ruwa a baho, tururi ya rufe mata fuska. Bawa kuwa an kife ta da kwando an ɗora dutse, ta maƙe kai da ƙafafu cikin ƙoƙonta. Dije na zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Malam ko gaisuwa bai gama ba ya yi tsalle ya tsaya tsakanin baho da kwando.

"Gwaggo, wannan ruwan na wane ne?"

"Na maijego mana. Matsa ka ba ni wuri kafin ya huce."

Malam ya durƙusa ya fara lallashi. Ya ce kunkuru ba ya jego, ƙwai kawai ta yi. Gwaggo ta ce ƙwan ta baki ya fito? Ya kawo zancen likita, ta ce likitan nan ko uwarsa ce ta haihu a gabanta sai ta gasa ta. Ya ce a bari ya sirka, ta dube shi sheƙeƙe ta ce ruwan jego da sirki ai wasan yara ne, haka ake yi sanyi ya shige mace ta kumbura, a zo ana salati. Shekara hamsin tana wannan aiki, ba wadda ta taɓa narkewa a hannunta.

Don ya nuna mata hujja, sai Malam ya naɗe hannun riga ya kai gwiwar hannu bakin baho. Ko taɓa ruwan kirki bai yi ba ya zabura ya koma baya yana yarfe hannu, idonsa ya kawo ƙwalla. Nan fa tsoro ya kama shi da gaske, don ya san Gwaggo ba ta ɗora tukunya ta sauke a banza. Ya ture dutsen, ya sunkuci Bawa ya rungume a ƙirji, ƙasa duk ta ɓata masa riga.

"Wallahi Gwaggo ba za a zuba mata ba. Wannan ai azaba ce. Wane mai imani zai bari a watsa wa abu mai rai irin wannan ruwa yana kallo?"

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka ji Dije ta ajiye faranti. A hankali ta ce haihuwa shida ta yi a gidan nan, kuma da wannan tukunyar, da wannan bahon, da wannan Gwaggon aka yi mata wanka safe da yamma, kwana arba'in-arba'in. Itacen ma shi yake sarowa da kansa, har yana cewa a ƙara wuta.

Malam ya gyara rungumar Bawa.

"Haba Dije, ai ke daban. Ke haihuwa kika yi, ita kuwa ƙwai ta yi."

Dije ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsintar shinkafa.

"Allah sarki, Malam. Ai da ka faɗa mini tun a na fari, da ƙwan na yi ta yi maka."