Haramin da Na Saya wa Malam Yakubu

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Jidda ba, kuma ko na so mantawa matata Binta ba za ta bari ba. Har yau in na fara cika baki a gaban baƙi, sai ta ce a hankali, "Alhaji, a ɗauko haramin ne?" Nan take nake kama bakina.

A lokacin shekarata goma sha huɗu a Saudiyya ban taka Najeriya ba. Ina da iƙama, wato takardar izinin zama, ba wanda ya ɗaure ni, kunya ce kawai. Na bar Tudun Wadan Zariya da alkawarin shekara biyu in dawo in gina wa mahaifina gida. Ginin bai samu ba, ni kuma na ƙi komawa hannu rabbana. Direba nake a wani kamfani da ke juya wa 'yan kasuwa dukiyarsu ta hanyar halal. Ban san komai a harkar hannun jari ba, amma da yake kullum manya na magana a bayan motata, sai na ɗauki kaina rabin masani (a majalisarmu ta unguwar Ammariyya kuwa cikakken masani ne ni, tunda ba mai ƙaryata ni).

Wata safiya kafilina, wato ubangidan da nake zaune ƙarƙashinsa, ya aike ni filin jirgi in ɗauko baƙo daga wani kamfani na Ingila da ke son hulɗa da mu. Ina tsaye riƙe da kwali ina jiran Bature, sai ga wani dogon baƙin mutum mai furfura a gefen kai. Ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki. Daga ina a gida?"

Hausar Zariya ce tsantsa, irin wadda Kanawa ke mana dariya a kanta. Na ji kamar an buɗe mini ƙofar zaurenmu. Ashe shi ne baƙon. Ya ce sunansa Yakubu, ya daɗe a Ingila amma duk shekara sai ya je gida. Kafin mu isa masaukinsa na tambaye shi kasuwar Sabon Gari, na tambaye shi wani mai tsire na bakin titin tasha, har bishiyoyin mangwaron hanyar Samaru sai da na tambaya ko suna nan. Wasu ya ce suna nan, wasu ya ce an sare. Kowace amsa sai ta soke ni a ƙirji, amma ban daina tambaya ba.

Kwana uku ina kai shi taro ina dawo da shi. A cikin cunkoson motoci ya ba ni tarihin kamfaninsu. Ya ce wasu dattawa ne suka fara shi tun kafin a haifi kakanninmu, don su tanadar wa malamansu abin da za su ci in sun tsufa, su da matan da aka mutu aka bari. Suka kafa sharaɗi cewa ko kwabo ba za a sa a giya ba, ko caca, ko taba, ko makamai, ko masana'antar da ke bautar da ma'aikatanta. Da mutane suka ga amanarsu sai suka riƙa kawo nasu kuɗin, har abin ya zama babban kamfani. Ya faɗi wasu abubuwa da dama bayan wannan, amma gaskiya ni ba maganar nake saurare ba, Hausar nake sha. Na dai ji ba giya ba caca, na ce a raina, "Ashe tun da can akwai bayin Allah a Ingila." Ya ba ni wani ɗan littafi na tarihin da Turanci, na jefa shi gaban mota ina kare rana da shi.

In na tsaya salla, sai ya ce, "Je ka, Alhaji, ina nan a mota." Na ce a raina matafiyi ne, haɗawa yake yi a masauki. Kun ga, duk ƙofar da gaskiya ta biyo sai na rufe ta da kaina.

To, mu a Jidda muna da al'ada. Baƙo daga gida ba ya zuwa ya koma ba a kai shi umara ba, abin kunya ne ga mai masauki. Ni kuma na ƙudura ba zan bar mutumin nan ya tafi ba sai na ɗaure zumunci da shi tamau, don shi kaɗai ne igiyar da ta rage tsakanina da Zariya. Na je kasuwar Bab Makka na zaɓo harami mai kauri, da ɗamara, da silifa. Na sa Binta ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Na gayyato dattawan unguwa su shida, cikinsu har da Baba Hamid, Bahaushen Sudan mai shagon yadi, wanda ba ya magana sai ta zama dole. Shirina shi ne a ci abinci bayan azahar, in damƙa masa harami, mu kama hanyar Makka. Ban gaya masa ba, wai ni mai ba-zata. Binta ta ce, "Ka dai tambaye shi ko yana da lokaci." Na ce mata wa ke rasa lokacin umara?

Aka zauna, aka jera kwanuka. Maimakon in bar mutane su ci, sai na miƙe na gyara murya. Na gabatar da baƙo, sannan na shiga tarihin kamfaninsu, na ƙara masa gishiri da yaji. Dattawan nan na mayar da su shehunai, malamansu na mayar da su limamai, har na ce sun sha tsangwama a tsakiyar Turawa amma suka riƙe addini. Na ga Malam Yakubu yana motsi yana ɗaga hannu, na ɗauka kunyar yabo ce. Na rufe da cewa a yi wa waɗannan magabata Fatiha. Kowa ya ɗaga hannu, aka karanta, aka shafa. Sai na zaro leda na ajiye a gabansa.

"Malam Yakubu, ga haraminka. Muna gama cin abinci, sai Makka."

Ya dubi farin yadin, ya dube ni. Ya yi magana a hankali, kamar mai ba mara lafiya haƙuri.

"Alhaji, na gode ƙwarai. Amma ni Kirista ne, ɗan Wusasa. Kamfanin namu kuma coci ne ya kafa shi, malaman da na ce maka fastoci ne. Ai na faɗa maka a mota."

Daga kicin na ji ludayi ya faɗi ƙasa. Ni kuwa ina tsaye, na rasa inda zan sa hannuwana. Ni, haifaffen Zariya, wanda ya tashi yana cin shinkafar Kirsimeti ta Maman Talatu maƙwabciyarmu, muna kai mata naman Salla. Shekara goma sha huɗu duk mai jin Hausar da na gani Musulmi ne, har na manta cewa a gida akwai Yakubun da ke zuwa coci ranar Lahadi. Garin da nake kuka da kewarsa, ashe rabinsa na zubar a hanya ban sani ba.

Baba Hamid ne ya cece ni. Ya nannaɗe hannun jallabiyarsa ya ce, "Halas ya waladi, shi ke nan ɗana, wadda aka karanta ta tafi, Mai ita ya san inda zai kai ta. Yalla, tuwo na hucewa."

Malam Yakubu ya fara dariya, sauran suka bi. Ya ci malmala uku, ya ce rabonsa da miyar kuka irin wannan tun rasuwar mahaifiyarsa. Baba Hamid ya sa shi ya sake ba da tarihin daga farko, na gaskiyar wannan karon, ya saurara yana gyaɗa kai, daga ƙarshe ya ce amana amana ce ko a hannun wa take. Ni dai loma biyu na iya haɗiya.

Da na mayar da shi masauki na fara ba shi haƙuri, sai ya katse ni. "Ba ni haramin. Zan je gida Kirsimeti, in kai wa mahaifinka, ko Allah zai kira shi ya zo ya gan ka." Na haɗa masa da dabino da zamzam, na kwatanta masa gidanmu.

Bayan wata biyu mahaifina ya sa aka kira ni a waya. Ya ce, "Wani ɗan mishan ya zo da saƙonka. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna muka yi hira har la'asar. Ya ce kana lafiya. Na ce masa to, tunda shi ya gan ka da idonsa."

Wannan kunyar ta fi ta ranar Alhamis zafi, don babu Baba Hamid da zai ce tuwo na hucewa. A makon na roƙi kafilina hutu. Na sauka Zariya ba gida ba bulo ko ɗaya, kuma ba wanda ya tambaye ni gini. Haramin na same shi a ninke ƙarƙashin matashin tsohon.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka saya wa mutum harami, ka tambaye shi inda yake zuwa ranar Lahadi. In kuma kewar gida ta kai ka ga yi wa fastoci Fatiha, to tikiti ya kamata ka saya, ba silifa ba.