Kifin da Marigayi Ya Bari

"...ya kwanan jiki, tsohuwa? Ashe har yanzu kina nan, ba ki bi mijin naki ba?"

Haka ɗana ya gaishe da kakarsa, wato mahaifiyata, yana cire takalmi. Tana zaune gaban akwatin gilashin kiwon kifi na ruwan gishiri da mahaifina ya rasu ya bari wata biyu da suka wuce. Kifi ɗaya ya rage cikin nasa, wani siriri mai kunya da ke zama a ramin dutse. Makon jiya ɗan nawa, sarkin karambani, ya sayo wasu shuɗɗan kifaye biyu ya zuba, wai su taya shi hira. Tun ranar kifin bai ci ba, ita ma ta daina taɓa kwanonta. Ni kam tsoro ya kama ni.

"In tafi in bar ka kana kisan kai? Zo ka ga 'yan fashin da ka kawo min."

"'Yan fashi? Mai shago ya rantse min salihai ne."

"Salihai irinka! Kafin abinci ya nutse sun wawushe. In ya leƙo su kai masa cizo. Dubi cikinsa, ya manne da bayansa."

"Kamar na uwar ɗakinsa. Tsaya, me ya sa ruwan ya yi hazo kamar idonki? Sau nawa kike zuba abinci?"

"Sau shida. Ko ɗan guntu zai kai gare shi."

"Ai ruɓewa yake yi a ƙasa, amarya. Ni na kawo 'yan fashi, ke kin kawo annoba."

"Mai ƙaton kai! Mijina shekara tara yana kiwonsa, kai kwana bakwai ka kai shi bakin kabari."

Ɗan nawa bai yi dariya ba. Ya ɗauko bokiti ya kwashe shuɗɗan nasa, sannan ya durƙusa yana leƙen ramin.

"Da kyar yake numfashi. Ina dogon bututun da marigayi yake tura masa abinci har ƙofar rami?"

Bututun yana cikin akwatin kayan mahaifina, wanda ta kulle ranar da aka kai shi makwancinsa, ta hana kowa taɓawa.

"Ba a buɗe wannan akwatin."

"To ki shirya wata takabar, gobe da safe."

Ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta kwance makulli daga bakin zaninta ta jefa masa.

"Ungo, mugun miji. Kai ka buɗe, ni hannuna ba zai iya ba. In ka taɓa hularsa sai na cire maka kunne."

"Ba inda za ni sai kin yi loma biyar. Ko ke ma da bututun zan ɗura miki?"

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta, ta jawo kwanon.